Tashar goyo: lacca a kan 26.3 ta birnin Shikago

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Malam shugaban zama, Allah ya saka da alheri, kodayake ka zuba gishiri da yawa a gabatarwar nan, har na fara waige-waige in ga wanda ake nufi. (dariya)

An ce in yi magana a kan ƙananan tashoshin talabijin na dijital, irin waɗanda ke raɓe a jikin babbar tasha. Na zaɓi guda ɗaya a birnin Shikago na Amurka, MeTV da ke 26.3 a jikin tashar WCIU, don can abin ya yi tashe, kuma labarinta na fi riƙewa. Abu huɗu zan taɓa: yadda abin yake aiki, tarihin tashar, shirye-shiryenta, sai inda kuɗi ke fitowa. Ku riƙe mini lissafi, na san halina.

Na farko. In ka je Shikago ka kunna talabijin da eriya, ba dish ba kebul, ka danna 26 a rimot, abin da za ka gani a rubuce shi ne 26.1. Ka matsa gaba, 26.2. Ka ƙara, 26.3, haka har ɗigo nawa. Kowacce da shirinta daban, amma lasisi ɗaya ne, injin watsawa ɗaya ne, eriya ɗaya ce a kan doguwar benen nan Willis Tower, wadda a da ake kira Sears Tower. Ta 26.1 ita ce uwa. Sauran ni na raɗa musu suna tashoshin goyo, saboda a bayan uwa suke tafiya, in uwa ta yi tuntuɓe goyo ma ya sha ƙasa. Kada wani ya rubuta a jarrabawa ya ce a littafi ya gani. Ni na ƙirƙira, a mota, a hanyar zuwa nan.

Yaya aka yi tasha ɗaya ta haifi da yawa? A zamanin analog, hukuma za ta yanka maka fili mai faɗin megahaz 6, kuma hoto ɗaya tak yake ɗauka. Da tsarin dijital nasu na Amurka ya zo, wanda suke kira ATSC, sai wannan filin dai, ba a ƙara masa ko taku ɗaya ba, ya zama yana ɗaukar megabit 19.39 a kowace daƙiƙa. Hoto mai tsananin haske ba ya cinye wannan duka. Akwai saura. Wanda ya taɓa noma ya gane: ka shuka gero, ga tsakanin kunya a buɗe, ai wake za ka zuba. To tashar goyo ita ce waken.

Akwai ma na'urar da aikinta kenan, rabo. In ana ƙwallo a tashar uwa, hoto yana ta guje-guje, sai ta ƙara mata kaso. In mai labarai ne zaune bakinsa kawai ke motsi, sai ta rage ta miƙa wa goyo. Mai gida in ya cika haɗama ya jera tashoshi fiye da ƙima, sai ka ga fuskar mutum ta farfashe ta koma kamar dara. Kun taɓa gani ai.

Ita kanta lambar ma ta ado ce. Ranar 12 ga Yuni 2009, lokacin da manyan tashoshin Amurka suka kashe analog, tashar nan da nake magana, WCIU, a zango na 27 take watsa dijital ɗinta, amma akwatinka 26 zai nuna maka, don kada a rikita mutanen da suka saba. Da farko ma 17 ga Fabrairu aka sa, aka ɗaga. Kun ga ba mu kaɗai muke ɗage rana ba. (dariya) Gwamnatinsu har takardar rangwame ta raba, dala 40, guda biyu ga kowane gida, a sayi dikoda a haɗa da tsohuwar talabijin.

To fili ya samu, me za a shuka? Nan manyan kamfanoni suka yi ta lalube. Wasu suka sa taswirar yanayi tana juyawa dare da rana. NBC ta buɗe tashar yanayi ta goyo a 2004, ta rufe a ƙarshen 2008. Ga kuma hukumar sadarwarsu, FCC, ta yanke a 2005 cewa kamfanin kebul uwa kaɗai dole ya ɗauka, goyo sai in an daidaita. Sai manya suka ɗauki abin kamar ragowar tuwon jiya.

Na biyu, tarihi. Zan yi sauri a nan.

WCIU ta fara aiki ranar 6 ga Fabrairu 1964, ita ce tashar UHF ta farko a Shikago, ta wani ƙaramin kamfani mai suna Weigel. Ku san cewa a lokacin UHF, wato zangon tashoshi masu manyan lambobi, bayan gari ce. Akwatuna da yawa ba sa ma kama ta, sai da aka yi doka a 1962 ta tilasta wa masu ƙera talabijin su sa ta. Mutanen Kano da suka manyanta sun san zancen, don 67 ɗin nan ta CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV, lambar zangon UHF ce. To ita 26 ba ta da kuɗi, ba ta da babbar uwar gida irin CBS ko NBC. Da rana tana karanto farashin hannun jari daga ginin kasuwar hatsi ta Shikago, da yamma ta sayar da lokaci ga baƙi mazauna birnin su yi shiri da harsunansu. A ɗan ɗakin nan nata Don Cornelius ya fara Soul Train a watan Agusta 1970, shirin kiɗa da rawa na baƙaƙen fata, kafin ya koma Los Angeles ya game ƙasa. Daga baya ta daɗe tana ɗaukar shirye-shiryen Sifaniyanci na Univision, har ƙarshen 1994 da suka raba gari, ta koma tashar Turanci mai cin gashin kanta, ta kira kanta The U.

Abin lura, kamfanin nan tun yana ƙarami a tsakanin kunya ya saba noma. Shekara talatin yana rayuwa da abin da manya suka raina. Saboda haka da dijital ta zo da ragowar fili, su ba su ga ragowa ba.

Ranar 6 ga Janairu 2003, a wata ƙaramar tasharsu mai raunin wuta, lamba 23, suka ware 'yan sa'o'i suna nuna tsofaffin wasannin kwaikwayo. Suka sa wa abin suna MeTV. Ranar 1 ga Janairu 2005 ya cinye tashar gaba ɗaya. A 2008 suka yi masa ƙanwa, MeToo, suka kuma kai shi Milwaukee. Ranar 15 ga Disamba 2010 ya zama na ƙasa baki ɗaya, tare da kamfanin MGM, a Shikago kuma ya zauna a 26.3. Mutumin da ake danganta wa wannan dabara Neal Sabin ne, ɗaya daga cikin manyan kamfanin. Yau MeTV ta kere sauran tashoshin goyo a Amurka wajen masu kallo. Mutumin Texas bai san WCIU ba, amma ya san MeTV. Goyo ya fi uwarsa suna.

To yanzu mu zo inda nake so. Na nawa ne? Na uku? To, na uku. Ku gyara zama.

Ɗalibai, in na tambaye ku mene ne hajar gidan talabijin, za ku ce shiri. Ba shiri ba ne. Jadawali ne. Ku rubuta: jadawali ne. Yawancin shirye-shiryen da MeTV ke nunawa ba ita ta yi su ba, ba ta sayi kyamara ko ɗaya dominsu ba. Perry Mason, wasan wani lauya, an yi shi daga 1957 zuwa 1966. Gunsmoke, na kaboyi, daga 1955 zuwa 1975, kashi 635. M*A*S*H, likitocin soja a yaƙin Koriya, daga 1972 zuwa 1983, wanda kashinsa na ƙarshe mutum fiye da miliyan 100 suka kalla a dare ɗaya. Duk suna jibge a rumbunan CBS da Universal da sauransu, kowa zai iya zuwa ya yi haya. Wasu ma sun yi, Retro Television ta riga su fita ƙasa tun 2005, Antenna TV ta biyo baya a farkon 2011. Kaya iri ɗaya, kasuwa ɗaya. Me ya sa wani ya fi wani ciniki? Jerawa.

Ku ɗauki lissafin Gunsmoke. Kashi 635, in kana sa ɗaya kullum Litinin zuwa Juma'a, sati 127 kenan, shekara biyu da kusan rabi ba ka maimaita ba. Shi ya sa a harkar nan ake son wasan da ya kai kashi ɗari, don a iya shimfiɗa shi kullum a lokaci guda. Kuma lokacin nan ba ya motsi. Nan ne sirrin. Tsoho ya yi ritaya, ya san in ya gama abincin rana kaboyi na nan. Ya san da dare lauya na nan. Bai buɗe jarida ya duba ba, bai tambayi jikansa ba. Kamar mai shayin unguwarku ne. Shayinsa ya fi na gida daɗi? Wallahi sau da yawa bai fi ba. Amma ka san in ka fito bayan asuba yana nan, teburin yana nan, benci yana nan, mutanen da za ka tarar ma ka san su. Ranar da ka zo ba ka gan shi ba, ranar ta lalace. To haka jadawali yake. In ka ɗaga shirin mutum daga ƙarfe takwas ka kai tara ba sanarwa, don wani babba ya zo buɗe rijiyar burtsatse, ka ɗauke masa mai shayi. Na ga wasu ma'aikatan gidajenmu a nan suna sunkuyar da kai. Ban kira suna ba. (dariya)

Sannan akwai ladabi ga tsohon shiri. Wannan ƙaramin abu ne amma ni yana burge ni. Galibin tashoshi in wasa ya ƙare, sai su matse sunayen waɗanda suka yi shi a gefe guda, wani ya hau surutu a kai yana tallar abin da ke tafe. MeTV ta bar sunayen su wuce cikakku da kiɗansu. Me ta yi asara? 'Yan daƙiƙu. Me ta samu? Mai kallo ya ji ba a raina abin da yake ƙauna ba. Wanda ya kalli wasan nan yana yaro a gefen mahaifinsa, kiɗan ƙarshen nan shi ne ya fi tsaya masa a rai. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai in ba a zuba ta a gwangwanin manja ba.

Wani zai ce, Malam, ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Haka ne, akwai wannan. Kuma akwai abin da ya fi shi nauyi: Amurkar da ke cikin wasannin nan ta 1950 da 1960 kusan duk farar fata ce, baƙi ba su cika fitowa ba sai a gefe. Shi ya sa a watan Satumba 2011 aka buɗe wata tashar goyo, Bounce TV, domin baƙaƙen fata, cikin waɗanda suka kafa ta har da Andrew Young da ɗan Martin Luther King. Baran wani ba ita ce baran wani ba. Amma mu koma kan jadawali, ban gama ba.

Daren Asabar. Ku ji wannan. Akwai wani mutum, Rich Koz, yana fitowa da suna Svengoolie. Dattijo ne yanzu. Ya shafa baƙi a idanu, ya sa doguwar hula, ya fito daga cikin akwatin gawa, ya gabatar da tsohon fim ɗin dodanni, irin na kamfanin Universal. Ana cikin fim sai a yanke a dawo kansa, ya yi ba'a, ya gaya maka wane ne wannan ɗan wasan, a ina ya ƙare. In ya yi barkwancin da bai yi daɗi ba, sai a yi ta jifansa da kajin roba. Kajin roba fa! Hajiya tana dariya, wallahi da gaske nake. Wani mai suna Jerry G. Bishop ne ya fara wannan hali a 1970 a wata tashar Shikago, Koz ya gaje shi a 1979, aka dakatar a 1986, sai WCIU ta dawo da shi a daren ƙarshe na 1994. A 2011 MeTV ta ɗora shi ga ƙasa duka.

To ga abin da nake so ku kama. Akwai wata unguwa a gefen Shikago, Berwyn. Shekara da shekaru shirin nan yana tsokanar Berwyn, da an ambaci sunan sai ka ji muryoyi sun amsa da ja, kamar dai yadda Bakano ba ya jin an ce Zazzau ya yi shiru. Da za a kai shirin ƙasa baki ɗaya, mai ƙaramin tunani zai ce a cire Berwyn, wa ya san ta a California? Ba a cire ba. Yau mutanen da ba su taɓa taka Shikago ba sun san tsokanar. Fim ɗin na kowa ne, kowa zai iya haya. Mutumin da ke cikin akwatin gawar da wasan unguwarsu, wannan ba ya sayuwa a rumbun kowa.

Kuma ku lura, shirin nan ba shi da tsada. Ɗaki ɗaya, akwati ɗaya, kaji. Jadawali da mutum ɗaya mai gishiri a baki. Na ce jadawali ne ko ban ce ba?

Malam shugaba yana nuna mini agogo. Na biyar... a'a, huɗu na ce ko? To na huɗu, kuɗi, a gurguje. Yawanci tashar gari ba ta sayen shirin. Musaya ake yi: uwar shirin ta ba ka kaya, ta riƙe wasu mintunan talla, ta bar maka wasu ka sayar wa 'yan kasuwar garinku. Masu kallo tsofaffi ne, tallar ma ta tsofaffi ce, magani, inshorar lafiya, na'urar ƙara ji, a kira wannan lamba yanzu. Manyan masu talla matasa suke bi, sun bar tsoho, alhali tsoho ne ke zaune a gida da rimot a hannu. Daga ribar nan Weigel ta yi ta haihuwa: Heroes & Icons a 2014, Decades a 2015 wadda ta koma Catchy Comedy, har MeTV Toons ta zanen yara a 2024. Wani abin dariya ma, a 2019 da WCIU ta karɓi shirye-shiryen babban kamfanin talabijin na CW a 26.1, sai The U da kanta ta koma 26.2, uwa ta hau bayan baƙuwa, sai 2024 ta dawo ɗakinta. Akwai kuma rediyonsu a 87.7, wadda a takarda tashar talabijin ce ta zango na 6, muryarta ce ke faɗowa a farkon FM, amma in na shiga wannan sai magariba. A yi tambaya.

(Wani ɗalibi daga baya: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Mu a nan me zai hana a yi irin wannan, tasha guda ta tsofaffin wasanninmu, su Samanja da su Karkuzu?)

Yawwa! Ɗan nan ka biya ni. Zauna, zauna.

Ta fuskar fili babu abin da zai hana. Tsarinmu ma, DVB-T2, ya fi nasu na 2009 ɗaukar kaya. Sai dai gininmu daban ne. A can kowace tasha ita ke da injinta, ita ke goya wanda ta ga dama. A nan an raba aiki: akwai masu rarraba sigina, su ke da hasumiya, gidajen talabijin kuma su kawo shiri a ɗora musu. Wato mu duka goyo ne. An sa wa ƙasashen yankinmu wa'adin 17 ga Yuni 2015 na komawa dijital, bai yiwu ba, aka fara gwaji a Jos ranar 30 ga Afrilu 2016 da akwatin FreeTV, Abuja a Disambar shekarar, Kano sai a ƙarshen 2021. To fili akwai.

Tambayar ita ce, ina kaset ɗin? Abin da ya ceci Amurkawa, yawancin wasannin nan a kan fim mai milimita 35 aka ɗauke su, tun daga I Love Lucy a 1951, aka adana, kuma an san mai su a rubuce. Mu namu a kaset na bidiyo aka yi, U-matic, daga baya Betacam. Kaset yana da tsada, in an nuna shiri sai a goge a ɗauki wani a kai. Ba mu kaɗai ba, BBC ma ta yi wannan ɓarnar. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wata tasha, ba zan faɗi wacce ba ko a wace jiha, na ɗauko kaset ɗaya an rubuta sunan wani wasa da nake so tun ina saurayi. Hannuna har rawa yake. Muka sa a na'ura, sai ga taron raba takin zamani. (dariya) Kuna dariya, ni ranar ban ci abincin dare ba.

Amma kada ku yanke ƙauna, ku ji wannan. A 2013 BBC ta sanar da cewa an gano kashi 9 na wasanta Doctor Who, na 1967 da 1968, waɗanda suka ɓace mata shekara da shekaru. A ina aka same su? A Jos. A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, gwangwanayen fim suna kan kanta da ƙurarsu. Wani Bature mai suna Philip Morris ne ya bi sawunsu har can. To in kayan Ingila sun yi shekara arba'in da wani abu a Jos suna jiran mai nema, me kuke tsammani yana kwance a Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, ko a cikin akwatin wani tsohon mai ɗaukar hoto da ya yi ritaya?

Saboda haka kai da ka yi tambaya, kana shekarar ƙarshe ne? To ga aikin bincikenka. Ka je tasha ɗaya, ɗaya tak, ka roƙi mai riƙe da makullin ɗakin kaset, ka ƙirga abin da ke ciki, ka rubuta sunan da ke jikin kowanne da shekararsa. Kada ka sa ko ɗaya a na'ura, tsohon kaset yana manne wa, in ka matsa masa ya tsinke shi kenan. Ƙirga kawai. Marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana Samanja, ni dai ina so in san kashi nawa suka rage, ko ashirin ne a fara da su daren Asabar.

An kira salla ko? To. In akwai wanda ya san inda na'urar U-matic mai aiki take, ko a gidan wa take, ya same ni a bakin masallaci.